Ɗan Littafin Sito

Wata uku ke nan da na bar rumfar Kawu a Kantin Kwari,
inda ciniki ke ƙarewa da "Allah ya sa albarka",
na koma Sharaɗa, kamfanin silifas da bokitin roba.
Aka ba ni tebur, da makullin sito,
da kwamfutar da ke nishi in an kawo wuta.

Turancin makaranta na zo da shi a aljihu,
na zaci zai ishe ni cefane.
Ashe a wannan kasuwa
ba a karɓar irin kuɗina.

Ranar Talata saƙo ya sauko daga bene:
lissafin kaya, a aiko ASAP.
Na bi ɗaki-ɗaki ina cigiyar Asaf,
har Madam Nkiru ta dafe tebur don dariya.
Malam Tasi'u ne ya ja ni bayan katan-katan,
ya ce: yaro, ba mutum ba ne,
"maza-maza" ce ta sa kwat, ta ɗaura taye.

A ranar na sayi ɗan littafi a bakin get.
Yana faɗa, ina rubutawa.
FYI: ga shi nan, kada gobe ka ce ba ka ji ba.
CC: an tara shaidu, ka iya bakinka.
TBC kuwa, in ji shi, ganin wata ne,
a yi ta duban sama har a ji sanarwa.
Dedilayin ni na fassara da kaina,
na samu layin mutuwa,
daren nan ban runtsa ba a Ɗorayi.

A mitin manaja ya ce mu fasa ƙanƙara.
Tsakiyar Afrilu, fanka ta tsaya,
na waiga ina neman kula.
Ya ce mu yi tunani a wajen akwati,
ni da ke wuni tsakanin akwatuna dubu.
"Duk muna shafi ɗaya?"
Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa,
ko bangon littafin ban gani ba.

Kar ka ji kunya, in ji Malam, yana kurɓar shayi.
Gaya wa mai harshen ruwa ba ya tsami banza,
ka ga in bai je ya ɗanɗana randa ba.
Kowane gida da inda yake ɓoye makulli.

Juma'ar ƙarshen wata
farin ambulan ya same shi a kan teburinsa.
Shekara sha tara yana ƙirga silifas.
Ya karanta, ya miƙo mini.
Na bi layin da yatsa, na gane kalmar da kaina,
har na ji daɗin ganewa:
kamfani zai sake shi ya tafi.
Na ce, to barka, Malam, wanda aka saki ai ya huta.

Ya daɗe yana kallona.
Ya ce: rubuta wannan ma.
Saki uku ne, ba kome.

Ya ɗauki butarsa, da darduma,
da kofin da hannunsa ya karye.
Na raka shi titi, muka tsai da adaidaita,
suka yi ta ja-in-ja a kan naira ɗari.

Litinin da safe wani saƙon ya sauko,
da sunan kowa a CC:
FYI, Malam Tasi'u ba ya tare da mu.
Salati ya kuɓuce mini kafin na tuna
a harshen nan hakan ba rasuwa ba ce.
Duk da haka na kira shi.

Hayaniyar Ƙofar Wambai ce ta fara amsawa.
Ya ce ya kasa bokiti a rumfar ƙaninsa,
irin namu, sari ya yi.
Na ce akwai wata sabuwa, Malam, KPI.
Ya ce riƙe ta tukuna,
ga mai saye ya tsaya.